Yadda ake neman horon gaba da digiri don aiki da yara masu otizim

Uwa ce za ta shigo maka da yaro ɗan shekara huɗu. Ya haddace gajerun surori tun daga Nasi har Lam yakun, yana maimaita tallar rediyo kalma bayan kalma, amma idan ƙishirwa ta kama shi ba zai ce "ruwa" ba, sai dai ya ja hannunta ya ɗora a kan randa. Ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, har an ɗauka kurma ne, sai ga shi yana toshe kunne da zarar an tayar da injin niƙa a maƙwabta. An sha rubutu, an yi ruƙya, an je wurin mai magani. Wannan ya ce iska ce, waccan ta ce baki ne. Tambayar da za ta yi maka guda ɗaya ce: "Malam, zai yi magana kuwa?"

Duk karatun da za ka nema, don wannan zaman ne. Otizim, wanda wasu kafafen labarai ke kira galahanga, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, yana taɓa magana da cuɗanya da mutane, yana zuwa da maimaita abu ɗaya da ƙin canji da tsananin jin ƙara ko haske ko taɓawa. Na fi son kalmar otizim, domin a bakin jama'a galahanga takan haɗa har da yaran da ke da wasu larurori dabam. Likita Leo Kanner ya bayyana shi a 1943, bayan ya lura da yara 11 a Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kimanin yaro 1 cikin 100, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, kuwa a rahotonta na 2025 ta ce 1 cikin 31 na yara 'yan shekara 8 a wuraren da take bibiya. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, ka auna yawan yaran Kano ko Zariya ko Maraɗi, sannan ka ƙirga mutum nawa ka sani da suka karanci wannan aiki.

Mataki na 1: Zaɓi aikin kafin ka zaɓi takardar

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ce "ina son in karanta otizim", ya shiga intanet, ya biya kuɗin kwas na farko da ya gani. Babu sana'a guda mai suna otizim. Ƙofofi ne biyar, kowace da digirinta da hukumar da ke ba ta lasisi.

Akwai malamin yara masu buƙata ta musamman, wanda ke tare da yaro a aji kullum, shi ke tsara abin da za a koya masa. Akwai mai koyar da magana da sadarwa. Akwai mai koyar da ayyukan yau da kullum, wato cin abinci da sa tufafi da riƙe fensir da shiga ban-ɗaki da jure ƙara. Waɗannan biyun a Najeriya hukumar masu aikin farfaɗo da lafiya, MRTB, ce ke yi musu rajista, ita ce kuma ke yi wa masu gashin ƙashi. Akwai ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa: likitan ƙwaƙwalwa na yara, likitan yara, masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, da nas ɗin da ta ƙware a wannan fanni. Sai ta biyar, mai nazarin ɗabi'a da tsarin da ake kira ABA, wato gano abin da ke jawo ɗabi'ar yaro a yi amfani da shi wajen koya masa.

Digirinka na farko ne zai nuna maka ƙofar da ta fi kusa. Mai digirin koyarwa ya nufi ilimin masu buƙata ta musamman. Mai digirin halayyar ɗan Adam ya nufi ɓangaren asibiti ko ABA. Wanda ya karanta tarihi ko kimiyyar sinadarai bai makara ba, sai dai zai fara da diflomar koyarwa ta gaba da digiri, PGDE, wadda jami'o'i da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ke bayarwa. Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu: tabbatar da cewa yaro yana da otizim aikin likita ne da masanin halayyar ɗan Adam da aka horar. Malami yana lura, yana tantancewar farko, yana turawa asibiti, amma ba ya yanke hukunci.

Mataki na 2: Zauna da yaran tukuna

Kafin ka cike fom ko ɗaya, nemi wurin da za ka yi aikin sa-kai na wata uku zuwa shida. Makarantar yara masu buƙata ta musamman ta jiharku, ko ranar ganin yara a sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Rubuta takardar neman izini, ka bi ta hannun shugaban sashe.

A nan za ka san ko aikin naka ne. Za a cije ka. Za ka share wata guda kana koya wa yaro ya zauna na minti biyu. Za ka wanke wanda ya yi kashi a wando yana ɗan shekara tara. Za kuma ka ga ranar da yarinyar da ba ta taɓa neman komai ba ta miƙo maka hoton kofi don a ba ta ruwa, uwarta na gefe tana share hawaye. In ka fito daga wannan da sauran marmari, ci gaba. Ka riƙa rubuta ranaku da awoyi, mai kula da kai ya sa hannu, domin wannan littafin zai yi maka amfani wajen neman gurbi da tallafi.

Mataki na 3: Haɗa takardu

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, lokaci kawai yake ci. Shaidar digiri, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, sakamakon sakandare, wasiƙun shaida biyu ko uku. Yawancin jami'o'in Najeriya na neman aƙalla daraja ta biyu ƙarama don digiri na biyu. Mai daraja ta uku ko babbar difloma yakan bi ta diflomar gaba da digiri, PGD. Cikakken sakamakon jami'a, wato tiranskirif, shi ke hana mutane shiga a kan lokaci, don haka ka nema tun watanni kafin a buɗe fom. Mai nufin Birtaniya ya shirya wa jarrabawar Turanci ta IELTS, inda akasari ake neman maki 6.5.

Mataki na 4: Zaɓen makaranta

A gida, Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Jos da ta Ibadan da ta Kalaba duk suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman da ke ba da digiri na biyu. Sashen Ibadan yana da reshen ji da magana, inda da yawa daga masu koyar da magana a Najeriya suka fito. A Ibadan ɗin ne kuma ake da Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara da Matasa, wadda aka kafa da tallafin gidauniyar MacArthur ƙarƙashin Farfesa Olayinka Omigbodun. Tana ɗaukar likitoci da nas-nas da masana halayya da ma'aikatan jin daɗin jama'a daga ƙasashen Afirka daban-daban. 'Yan'uwanmu na Gana suna da Jami'ar Ilimi ta Winneba, da kuma digiri na biyu na koyar da magana a Jami'ar Gana. Masu karatu da Faransanci, kamar na Nijar da Chadi da Kamaru, za su tarar jami'o'in Faransa da dama na ba da difloma ta musamman a kan otizim.

Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce, digirin ilimin masu buƙata ta musamman a gida ya fi ƙarfi a ɓangaren makafi da kurame da masu jinkirin fahimta. Otizim kan zo ne a matsayin darasi ɗaya ko babi ɗaya. Wannan ba dalilin ƙin shiga ba ne. Dalili ne na ka nemi malamin da zai duba kundinka a kan otizim, ka kuma cike giɓin da kanka.

A waje, Jami'ar Birmingham a Ingila ta yi suna da karatun otizim daga nesa, kana gida kana aikinka. Akwai kuma jami'o'in Sheffield Hallam, da Strathclyde a Sukotland, da Queen's a Belfast mai digirin ABA. Tsarin Birtaniya hawa uku ne: maki 60 satifiket, 120 difloma, 180 cikakken digiri na biyu. Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya tsayawa a hawan farko, ya ɗora daga baya.

Kowace makaranta ce, ka tambaye su abu huɗu a rubuce. Awa nawa ɗalibi ke yi tare da yara? Wa ke kallonsa yana aikin, ya gyara masa? Wace hukuma ta amince da kwas ɗin? Ina waɗanda suka gama suke aiki yanzu? Makarantar da ta kasa amsa ta farko da ta biyu, takarda kawai take sayarwa.

Game da ABA akwai rami da mutanenmu ke faɗawa. Shaidar da ta fi suna ita ce BCBA, wadda hukumar BACB ta Amurka ke bayarwa bayan digiri na biyu da awa 2,000 na aiki ƙarƙashin kulawa. Amma tun daga 1 ga Janairun 2023 hukumar ta daina karɓar sabbin masu nema da ke zaune a mafi yawan ƙasashen duniya, Najeriya da Nijar da Gana na ciki. Duk wanda ya ce ka biya shi zai kai ka ga BCBA kana zaune a Kaduna, ka riƙe kuɗinka. Ƙofofin da ke buɗe mana su ne na hukumomin IBAO da QABA. Sannan kwas ɗin awa 40 da ake yawan tallatawa matakin mataimaki ne, mai aiki ƙarƙashin ƙwararre. Ba ya mayar da mutum mai buɗe cibiya.

Mataki na 5: Kuɗi

Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan digiri na biyu na shekara ɗaya. Yana neman shekara biyu na aiki, wato awa 2,800, aikin sa-kai ma yana shiga lissafi, kuma dole ka dawo gida na aƙalla shekara biyu. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth tana da na karatu daga nesa, amma ga zaɓaɓɓun kwasa-kwasai da ke canzawa duk shekara. Ma'aikacin gwamnati ya nemi hutun karatu da albashi tun da wuri. A wasiƙar neman tallafi, kada ka cika ta da "ina ƙaunar yara". Faɗi abin da ka gani a watannin sa-kai, ba tare da sunan kowane yaro ba, da abin da za ka yi in ka dawo.

Mataki na 6: Abin da dole ka fito da shi

Ko an sa a manhaja ko ba a sa ba, kada ka karɓi takarda sai ka iya waɗannan.

Ka san girman yaro na yau da kullum kamar tafin hannunka: yaushe yake murmushi, yaushe yake nuni da yatsa, yaushe yake haɗa kalma biyu. Wanda bai san daidai ba, ba zai gane saɓaninsa ba. Ka san ma'aunan da likitoci ke bi, wato DSM-5 na 2013, wanda ya haɗe nau'o'in da a da ake rarrabawa, har da na Asperger, ƙarƙashin suna ɗaya mai matakan buƙatar tallafi uku, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022. Ka iya amfani da M-CHAT-R/F, tambayoyi 20 da ake yi wa iyayen yaro ɗan wata 16 zuwa 30, ka kuma san tantancewa ce kawai. Duk yaron da magana ta yi wa jinkiri, a fara da gwajin ji.

Ka koyi karanta ɗabi'a. Yaron da ke buga kansa da bango ba rashin tarbiyya ke damunsa ba, wani abu yake faɗa da ba shi da bakin faɗa. Ana zana layi uku a takarda: me ya faru kafin, me ya yi, me ya biyo baya. Bayan mako guda sai ka ga ashe duk lokacin da aka tayar da janareta ne, ko duk lokacin da aka ce ya rubuta, kuma da ya buga kan sai a ƙyale shi. Wani lokaci haƙori ne ke ciwo, ko cikinsa ya ɗaure kwana huɗu. Daga nan aikinka shi ne ka ba shi wata hanyar faɗin wannan buƙatar.

Ka koyi hanyoyin sadarwa da ba baki ba. Tsarin PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a 1985, yana da hawa shida, yana farawa da yaro ya miƙa hoto a ba shi abin. Tsarin TEACCH na Jami'ar Karolina ta Arewa yana koyar da tsara aji da jadawalin hotuna, yadda yaro zai ga abin da ke tafe da idonsa. Iyaye kan ji tsoron hoto zai hana yaro magana. Bincike bai nuna haka ba, kuma sai ka iya yi musu bayani cikin natsuwa.

Ka karanta ABA da ido biyu. Akwai amfani mai yawa a cikinta, musamman rarraba aiki ƙanana-ƙanana da auna ci gaba da alƙaluma. Amma tarihinta ya haɗa da horo mai zafi a zamanin farko, kuma manya masu otizim da yawa sun fito sun ce an cutar da su da tilasta musu kallon ido da hana su kaɗa hannu. Ka saurare su. A ganina, kaɗa hannun da ba ya cutar da kowa a bar wa yaro abinsa, a sa ƙarfi wajen koya masa neman ruwa da tsallaka titi.

Ka san larurorin da ke rakiyar otizim: farfaɗiya, rashin barci, zaɓen abinci har yaro ya shekara ba ya cin komai sai taliya. Ka san babu maganin da ke warkar da otizim; irin su risperidone likita ne ke rubutawa don rage tsananin fushi da cutar da kai, kuma suna da illa. Ka kuma san labarin binciken Andrew Wakefield na 1998 da ya danganta otizim da rigakafin ƙyanda, wanda mujallar Lancet ta janye a 2010 aka kuma soke lasisinsa. A yankin da ya ga abin da ƙauracewa rigakafin shan-inna ta 2003 ta jawo, wannan tambayar za ta zo maka, kuma amsarka na iya hana wani yaro mutuwa da ƙyanda.

Mataki na 7: Nemi mai kallon hannunka

Littafi ba ya gaya maka ka yi saurin ba yaro taimako, ko muryarka ta yi ƙarfi. Sai wani ya gani. In babu ƙwararre a garinku, nemi mai duba aiki daga Abuja ko Legas ko waje, ku riƙa haɗuwa ta bidiyo aƙalla sau biyu a wata. Kafin ka ɗauki hoton yaro, iyaye su amince a rubuce bayan ka yi musu bayani da Hausa. Hoton na mai duba aiki ne shi kaɗai. Kada ka sa yaron mutane a Facebook ko TikTok don tallar cibiya. Yaron zai girma, kuma bai ba ka izini ba. Taron otizim da bankin GTBank ke shiryawa duk shekara a Legas wuri ne mai kyau na haɗuwa da irin waɗannan ƙwararru.

Mataki na 8: Mayar da karatun gida

Nan ne babu jami'ar waje da za ta yi maka. Yawancin kayan gwajin an gina su ne a kan yaran wasu ƙasashe. Takarda za ta ce ka tambayi uwa ko yaro yana amsa sunansa in ta kira shi. To idan ɗan fari ne fa, uwar tana kunyarsa, ba ta taɓa kama sunan a bakinta ba? Sai ka tambayi laƙabin da ake kiransa da shi, ka tambayi kaka ko goggo ko yayar da ke goyonsa. Takarda za ta yi maganar kallon ido, alhali mu yaron da ya fara wayo ana hana shi ƙura wa babba ido. Sai ka lura da yadda yake da sa'o'insa. Za ta tambayi wasan kwaikwayo da kayan wasan kanti. Kai ka tambaya ko yana tuwon ƙasa, ko tana goya 'yartsana, ko yana tuƙa murfin tukunya yana kukan mota.

Hotunan sadarwa ma haka. Ɗauki wayarka ka ɗauko kofinsa na gida, da butar gidansu, da tabarma, da koko da ƙosai, a wanke a liƙa a kwali. Ka duba haɗurran gidajenmu, rijiyar da ba murfi da ƙofar zaure a buɗe, domin da yawa daga yaran nan suna ficewa ba tare da sanin haɗari ba. Ka ziyarci malamin Islamiyya, ka nuna masa cewa yaron da ya iya hadda amma ba ya zama ba taurin kai yake ba, bulala kuma ba za ta zaunar da shi ba.

Batun addu'a kuwa, kada ka raina imanin iyaye. Wanda ka raina ba zai dawo ba. Addu'a da koyarwa ba sa karo. Inda za ka tsaya ƙyam shi ne duka da sunan fitar da aljani, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da ɗaure yaro da mari, da ɗura masa abin da ba a san mene ne ba.

Tunda ƙwararru ba za su taɓa isa ba, koyi horar da iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin CST na koyar da masu reno, an gwada shi a Habasha, darussansa kuma suna intanet kyauta. Kai awa ɗaya kake ganin yaro a mako, uwa ce ke tare da shi sauran. Ka nemi uban ma ya zo, ko sau ɗaya, domin sau da yawa shi ke da ikon kuɗin mota da na makaranta, kuma a gabansa ya kamata a faɗa cewa ba laifin uwar ba ne.

Mataki na 9: Kundi da lasisi

Binciken otizim da aka yi a arewa kaɗan ne, don haka kada ka ɓata kundinka a kan abin da aka maimaita sau ɗari. Fassara wani kayan tantancewa zuwa Hausa da gwada ingancinsa, da izinin masu shi, aiki ne da zai rayu bayanka. Ko ka auna abin da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi suka sani game da otizim da tambayoyin KCAHW, waɗanda Dakta Muideen Bakare da abokan aikinsa suka tsara a Inugu a 2008. Nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka taɓa yaro ko ɗaya. Da ka gama, malami ya yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN, mai koyar da magana ko ayyukan yau da kullum ya yi da MRTB. Ka karanta dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, domin da ita za ka tunkari makarantar da ta ce ba ta ɗaukar "irin waɗannan".

Sai ranar da uwar nan za ta zauna gabanka. Kada ka ce mata zai yi magana nan da wata shida, kada kuma ka ce ba zai yi ba. Yara da yawa suna samun magana, wasu kimanin kashi ɗaya cikin huɗu suna girma da kalmomi kaɗan ko babu, kuma a zaman farko ba wanda ya isa ya san ɓangaren da ɗanta zai faɗa. Gaya mata haka, sannan ka ce akwai abin da za a fara yau. Rubuta mata takardar gwajin ji da ta ganin likita. Tambaye ta abu uku da ya fi so a duniya. Ɗauki hoton kofinsa, ka nuna mata yadda ɗaya zai riƙe ruwan, ɗaya ya tsaya bayan yaron ya kama hannunsa ya miƙa hoton, a ba shi ruwan nan take ana cewa "ruwa". Ka sa ta gwada a gabanka sau uku. Ba ta ƙaramin littafi ta riƙa jan layi duk lokacin da ya miƙa da kansa, ka sa mata ranar dawowa bayan mako biyu.